Baƙar Laka a Rijiyar Kansila

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina zaune gidan babana a Kakuri, na gama jami'a, aiki bai samu ba. Ilimin duwatsu na karanta. Kundina a kan wani zamani ne da ake kira Toarsiyan, cikin farkon Jurasik, kimanin shekara miliyan ɗari da tamanin baya. A ganin masana, iska ta yi ƙaranci a ƙasan teku lokacin, halittu da yawa suka mutu, baƙar laka ta kwanta. Ni ban taɓa ganin teku ba. A littattafai na tsinto.

'Yan layinmu na kirana Malam Wataƙila, don duk lokacin da aka tambaye ni sai na ce "ina jin".

Sabon kansilanmu ya sa aka haƙa rijiya a gangaren layi, dab da lambatu, inda za a hango ta daga titi. Ranar Asabar za a buɗe. Ran Alhamis maƙwabciyarmu, wata 'yar Binuwai mai dafa wa ma'aikatan masaƙa abinci, ta kira ni.

"Mai digirin dutse, zo ka sansana wannan."

Lakar da aka fitar baƙa ƙirin ce, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Irin wadda na yi shekara ina karantawa, wadda iska ba ta ratsa ba. Ban ce Kakuri ta taɓa zama teku ba. Ina jin lambatun ne ke tsiyaya ciki.

Kwana biyu ina juya abin. Ba ni da kayan gwaji. In na yi kuskure, na hana layi ruwa, na kuma kunyata babana, wanda ya bi gida-gida yana nema wa kansilan ƙuri'a.

Ran Asabar kansila ya cika kofi da ruwan rijiyar ya miƙa wa maƙwabciyar tamu don ta fara sha.

Na ce, "Honorabul, kada a sha."

"Ka tabbata, ko wataƙila?" in ji kansila. Aka kwashe da dariya.

"Ban san abin da ke ciki ba. Amma ba a sha sai an gwada."

Matar ta mayar masa da kofin. "To Honorabul, babba ke farawa."

Ya kai hanci, ya ɗan tsaya, ya zubar.

Aka rufe rijiyar da kwanon rufi. Bayan damina aka haƙa wata a saman layi. Babana ya yi mako bai amsa gaisuwata ba. Gwajin kuwa ba a taɓa yi ba, don haka har yau ba zan iya rantsewa ba.