Jirgin da Ke Karkata Hagu

Duk sa'ad da na ji injin ban-ruwa ya kama kuka a fadama, kakana nike tunawa, da jirgin yaƙin da ya yi ta kayarwa a zaurenmu na Goronyo.

Wata shekara ɗiyansa sunka biya mashi kujerar Makka, ya ce ba ya zuwa. Mutum ne da bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba. Ko kasuwar Rara za shi, sai dai ya hau kekensa ya yi ta faman turawa, samari na wuce shi kan babur suna gaishe shi. To ina ga ƙarfen da ke sama, a hannun wanda bai san ubansa ba? Ga ƙafafunsa sun fara kumburi, kowa ya san in bai tafi bana ba, da wuya ya ga baɗi da ƙarfinsa.

Baffana, autan gidan, yana aiki ofishin ban-ruwa na madatsa. Da rani, lokacin da warin albasa ya cika gari, ya zo da tsohuwar kwamfuta da wata sanda mai gindi. Sandar ce abin tuƙi, cikin kwamfutar kuwa akwai wasan tuƙin jirgi: ɗan jirgin yaƙi mai farfela a hanci, kujera ɗaya tal. Bayan la'asar a tada janareta, yara mu cika zaure.

Rannan Kaka ya leƙo, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Tashi in gani. In yat tashi ga hannuna, ni tafi."

Baffa ya yi ta bayani, wai wannan na yaƙi ne, wai na alhazai da matuƙinsa. Wa ya gaya maka Kaka na ji! Ya yi alwala, ya nemi gafarar duk wanda ke zauren kamar yadda matafiyi ke yi, har da mu masu majina, ya karanta addu'ar hawa, ya kama sanda. Ba wanda ya yi dariya. Jirgi ya ɗau gudu, sai ya karkata hagu, ya bar hanya, ya kife cikin ciyawa, wuta ta tashi.

Haka abin yake, in ji Baffa: farfelar ce ke jan shi hagu, sai an danna wani maɓalli an maido shi dama. Amma hannuwan Kaka biyu na kan sanda, ya riƙe ta kamar ƙotar fartanya, kuma ya hana kowa taɓa komi. Kullum sai ya nemi gafara, kullum sai ya ƙone. Har kakata ta gaji, ta aiko daga cikin gida wai ta yafe na jiya da na gobe, a bar ta ta yi tuwonta.

Ni ce jikar da yake kira amarya, don haka ni kaɗai ke iya gaya mashi magana. Na ce, "Angon nan dai rowa gare shi, ko maɓalli ɗaya ba ya ba matarsa."

Ya harare ni. "Mi kis sani ke?"

"Na san maɓallin dama."

Sai ya matsa mani kan tabarma. Jirgi ya ɗau gudu, ya fara karkata, na danna. Ya miƙe. Ƙasa ta yi baya, gonaki sunka koma kamar fangalin albasa, ga wani ruwa shimfiɗe can nesa. Na ji numfashin Kaka kusa da kunnena, na ji tsoro da daɗi tare.

"Ashe sai da hannun wani," ya ce. Can kuma ya tambayi Baffa yadda ake sauka. Baffa ya sosa ƙeya, ya ce shi ma bai koyi nan ba tukuna.

"Bar shi. Tashin dai nika so," in ji Kaka.

Ya tafi shekarar. Ranar tafiya ya nemi gafararmu a zauren nan, mun riga mun saba, munka amsa da wasa. Can Makka anka binne shi, bayan an sauko Arfa.

Yanzu ɗiyana suna da irin wasan cikin waya. Su tashi, su faɗi, su sake, suna cin gyaɗa, ba alwala ba sallama. Ni kam na shiga jirgi ya fi a ƙirga, kuma har yau in ya fara gudu sai in ji yatsana na dama ya danne hannun kujera.