Jirgin mijin yayata

Ni tela ne. A shekarun da nake ba da labarinsu shagona yana unguwar Boukoki, wata rumfar kwano mai keken ɗinki ɗaya da teburi da dutsen guga na gawayi. Na ɗinka riguna da wanduna da kayan ƴan makaranta ba adadi, amma har yau abin da aka fi tambayata a kansa shi ne fiffiken jirgin sama, aikin da tun farko ban so karɓa ba.

Jirgin na mijin yayata ne. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai ƙarancin magana, makanikin ƙananan jiragen da ke feshin maganin fara da tsuntsaye a gonaki. Ya daɗe yana gyara inji, wani ya hau ya tashi, shi a bar shi ƙasa yana goge hannu da tsumma. Daga baya ya koyi tuƙi wajen anasarun da ke da ƙungiyar ƙananan jirage a gefen filin jirgi, yana yi musu gyara suna koya masa, har ya samu takardar tuƙi. Da wani tsoho cikinsu zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa zanen wani jirgi da ƴan ƙarafa da injin wata ƙaramar mota. Kwaikwayon jiragen da Turawa suka yi babban yaƙinsu na farko da su ne, fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, da gurbin mutum guda a buɗe ba rufi. An rage masa girma don mutum ya iya haɗa shi a gida ya tashi da shi don jin daɗinsa. A can, in ji shi, masu yin haka suna da yawa. A nan shi kaɗai na sani.

A tsakar gidansu na unguwar Kirkissoye, ƙetaren gulbi, ya kafa shi, tsakanin madafa da bishiyar dogon yaro. Shekaru ya yi yana yankan katako yana mannawa, duk yamma in ya taso aiki, har abin ya zama kamar ƙasusuwan babban kifi da aka cinye namansa. Ranar da ya gama ƙashin, ya zo shagona a kan babur ɗinsa, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ƙanen mata, ka taɓa ɗinka wa tsuntsu riga?"

Na ce ban taɓa ba, kuma ban ga ranar farawa ba. Ya yi dariya ya ce ai irin waɗannan jirage da ƙyalle ake rufe su, kuma ba zai ba baƙo ransa ya ɗinka ba. Na ce to ni ma ba na son a ba ni ran mijin yayata in ɗinka. Sai ya zauna a benci yana kallona ina ƙarasa wani wando, har na gaji da kallon na ce zan zo Lahadi in gani.

Lokacin damina ta riga ta yaudare mu, ba sau ɗaya ba. Ciniki ya mutu. Wanda ba ya da abin sa wa a tukunya ba ya yanka sabon yadi, sai dai a kawo mini tsohuwar riga in yi mata faci, ko a kawo farin ƙyalle a ce in hanzarta ana jiran gawa. Don haka lokaci ina da shi. Nakan hau keke in ƙetare gada da safe, in duba gulbi daga sama in ga ya ƙara janyewa, yashi ya fito tsakiya kamar bayan raƙumi, masu wanki suna ta bin ruwan yana guje musu.

Aikin ba irin wanda na saba ba ne. Mukan ja farin zawwati mai ƙarfi mu lulluɓe fiffike, sannan a ɗaure ƙyallen a kan kowane haƙarƙarin katako da doguwar basilla, shi yana wancan gefe ni ina wannan, yana turo mini ina mayar masa, kowane ɗinki da ƙullinsa. In mun gama layi ya bi da yatsa yana taɓawa, in ya ji ɗaya ya yi sako-sako mu warware duka. Bayan haka ya shafa wani ruwa mai kauri da wari mai hawa kai, wanda in ya bushe ƙyallen ya ɗame har in ka buga yana amsawa kamar kalangu. Warin nan ya sa ni ciwon kai na watanni. Yatsuna suka yi kanta a inda keke bai taɓa sa musu ba.

Muna cikin fiffike na biyu mahaifinmu ya iso daga ƙauyenmu na wajen Tawa, da ƙannensa mata da jikoki, a bayan kamyo, babbar motar kaya. Shanunsa sun ƙare, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ya yanka ta da hannunsa don kada ta mutu mushe. Gidan yaya ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi ko'ina, har ƙarƙashin jirgin, domin fiffikensa na da inuwa. Nan Baba ya maida wurin zamansa. Yakan jingina da tayar jirgin yana jan carbi, bai taɓa cewa abin nan hauka ne ba, bai kuma taɓa tambayar mene ne ba.

Yaya kuwa ta rame. Da asuba take tafiya layin jar dawar taimako, ta dawo rana tsaka ta daka ta dafa wa bakuna fiye da ƙarfin tukunyarta. Wata rana na ce mata in tana so in daina zuwa, ko ya haƙura.

Ta ce, "Kai dai gama masa. Na yi faɗan har na gaji. In ka gama ya fitar mini da shi, ko wurin shanya na samu."

Da aka gama rufi ya fente shi da launin ganye irin na sojoji, ya zana manyan da'irori a fiffike kamar yadda yake a zanen da tsohon anasaran ya bar masa. A gaban gurbin matuƙi ya ɗaura guntun bututun ruwa da ya fente baƙi, a madadin bindigar da jiragen asali ke ɗauke da ita. Ranar ce kaɗai na ga ya ja da baya yana kallon abin da ya yi yana murmushi shi kaɗai. Ya yi kyau, gaskiya, ko ni da ban damu da jirage ba na tsaya kallo.

Ya manta da zamanin da muke ciki. Soja ke mulki, kuma ba a daɗe da jin raɗe-raɗin wasu sun so kifar da su ba. Mutum in zai yi maganar gwamnati sai ya waiga. Ban san wanda ya kai labari ba, ban kuma nema ba. Wata safiya dai motar soja ta tsaya a ƙofar gida, wani matashin hafsa ya shigo da mutanensa, yara suka watse ɗakuna. Ya gai da Baba da ladabi, sannan ya zagaya jirgin a hankali har ya tsaya gaban baƙin bututun.

"Malam, a wannan lokaci, cikin unguwa, ka kafa bindiga a kan jirgi?"

"Bututun ruwa ne, ranka ya daɗe. Leƙa ka gani."

Ya leƙa, ya hango hasken rana ta ɗaya bakin. Na ga yana danne dariya. Amma ya ce shi ɗan aike ne, kuma dole maigida ya biyo su ya yi bayani a gaba.

Ƴan kwanaki ya yi a can. Ni da yaya muka riƙa zuwa muna zama a gindin wani bango da kwanon abinci, a karɓa a shiga da shi a fito da kwanon wayam, ba wanda ke ce mana komai. Da aka sake shi ba rauni a jikinsa, ya ce tambayoyi ne kawai, tambaya ɗaya a bakin mutane da yawa. Washegari ya kwance bututun ya ba yaya, ta sa shi a magudanar wanka. Ya sayo farin fenti ya shafe launin sojan da da'irorin duka, domin haka aka sharɗanta masa. Na taya shi. Muka yi ta aikin har jirgin yaƙinsa ya koma fari fat kamar motar asibiti.

Sai neman izinin tashi. Daga wannan buron gwamnati a tura shi wancan ofis, a ce mai sa hannu ya tafi rangadi, a ce ya dawo bayan salla. Wani ya ce sai soja ya zauna tare da shi a sama, mijin yaya ya ce kujera ɗaya ce, aka ce to sai a sake nazari. Zafi ya shigo ya wuce yana wannan zarya. Sa'ad da izinin ya fito na ɗauka zai yi murna, amma ya faɗa mana kamar mai ba da labarin farashin gawayi. An yarda ya tashi bisa filin kawai, kada ya fuskanci gari, kada ya fuskanci bariki, kada ya daɗe.

Muka kwance fikafikan muka ɗora su a kamyo, aka ɗaure jelar jirgin a baya ana jan sa da baya-baya. Baba ya ce zai je, shi da bai fita ƙofar gida ba tun isowarsa. A kan gada sojoji suka tsai da mu suka karanta takarda, motoci suka taru bayanmu suna ham. Daga inda nake tsaye cikin kamyon na ga mutane suna ƙetare gulbin da ƙafa, ruwan bai kai musu idon sawu ba.

A filin jirgi aka ajiye mu can gefe, nesa da inda manyan jiragen taimako ke sauke buhuna. Muka ɗaura fikafikan, ya bi kowace waya yana ja. Wani abokin aikinsa ya murɗa farfela, injin ya yi tari ya kama. Ya ɗaure hula da madubin ido, ya ɗaga mana hannu, jirgin ya yi gudu yana tsalle-tsalle kamar ɗan akuya, sai kawai na ga haske tsakanin tayarsa da ƙasa.

An sha tambayata me na ji. Ba alfahari na ji ba. Idona na kan fiffike ina jiran in ga ƙyalle ya ɗaga, bakina na karanta duk addu'ar da na sani. Ya zagaya filin, ya sake zagayawa, ƙarami, fari, da ƙara kamar ta injin niƙa. Da na tabbata ɗinkin ya riƙe, sai na zauna a ƙasa, na ji barci nake so.

Ya sauko lafiya. Abokan aikinsa suka yi tafi, sojan da aka sa ya tsare mu ma ya yi. Ya fito ya cire hular, fuskarsa duk baƙin mai. Baba, da yake suruki ne ba ya yi wa mijin yaya magana kai tsaye, ya taɓa ni da sanda.

"Tambaye shi, ta arewa, ya ga wani abu?"

Mijin yaya ya ji. Ya zo ya durƙusa gabansa, kansa a ƙasa.

"Baba, na duba. Jar ƙasa ce kawai, har inda ido ya tsaya. Sai bukkokin mutanen da suka zo, sun fi yadda muke zato yawa. Ba hadari ko kaɗan."

Baba ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kyauta, ya ce a mai da shi gida rana ta yi.

Bayan nan sau ɗaya ya ƙara tashi da shi, domin kowane tashi sai an sake neman izini daga farko, man jirgi kuma ya yi wuya. Aka ba shi kusurwa a wata rumfar jirage ya tura shi ciki. Ruwa ya dawo wata shekara, Baba ya koma ƙauye ba saniya ko ɗaya, bai kuma daɗe ba ya rasu. Mijin yaya ya cire injin ya ba wani mai lambu a bakin gulbi ya haɗa da famfo. Zafi ya tsattsage fentin, ƙyallen ya fara ruɓewa daga gefe.

Wata salla da na je gaishe su, muna cin nama, ya ce mini fiffiken na son sabon rufi. Na ce ya nemo zawwati, in ya samu ya aiko. Ya ce to. Bai aiko ba, ni ma ban tuna masa ba.