Gishiri a Hannun Rigar Baffa

Baffana, yayan mahaifina, mai gyaran kekuna ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa cewa zai yi fatsa. Ƙugiya ake kiransa, kuma sunan ya bi shi, don akwai ta a aljihunsa, akwai a jikin hularsa, har cikin gwangwanin sukari matarsa Inna ta taɓa tsinto guda.

Da shi da mahaifina a bakin teku suka tashi. A cewarsu, in hadari ya motsa ruwa manyan kifaye kan matso gaɓa, shi kuwa tafki sai ya dagule, tarwada ma ta yi fushi da tana. Ranar wani hadari suna kan dogon dutsen da suka saba tsayawa, igiyar ruwa ta hau ta ɗauke mahaifina. Ba a ga ko takalminsa ba. A gidan Baffa na girma.

Inna, matarsa, ta sa shi ya yi alkawarin shi da teku har abada, tafki kaɗai. Ita kuwa ba ta yarda da bakin namiji ba. Duk ranar da ya dawo sai ta kama hannun rigarsa ta ɗanɗana, ta ji ko da gishirin teku.

"Haba Inna, sai ka ce miya?" nakan ce.

"Ke dai ci gaba da dariya. Ran da na ji gishiri, kayana zan haɗa."

Da rani lafiya lau. Amma da gabas ta yi baƙi, Baffa ba ya zaunuwa. Ya ɗaura taya a baibai, ya kwance. Ya leƙa taga, ya buɗe rediyo, ya kashe, ya zagi tafki da kakanninsa. Haushi yake ba ni, tausayi kuma ya fi yawa.

Bana aka yi iskar da ta kwashe kwanon shagonsa. Ranar da la'asar muka neme shi muka rasa. Inna ta kasa tsaye ta kasa zaune, ta ɗora tukunya ba ruwa a ciki, ta leƙa titi har zanenta ya jiƙe. Ni kuwa na kafe a bakin ƙofa ina duban hanya, don na san abin da teku ke iyawa.

Kafin magariba ya shigo sharkaf, yana rawar sanyi. Bai jira ba, da kansa ya miƙa mata hannun rigar. Ta ɗanɗana. Fuskarta kawai na kalla na sani.

"Nawa ka kama?" ta ce.

Ya nuna bayan ƙofa. Sandar fatsarsa na jingine a wurinta, a bushe.

"Ban jefa ba. Tsayawa kawai na yi. Ruwa in ya motsa haka yakan dawo da abin da ya ɗauka."

Inna ta zauna daɓas a bakin gado. Ba ta haɗa kayan ba.

"Da ma da sandar ka tafi, Malam," ta ce. "Mai kama kifi in ya kama yana dawowa gida. Kai yaushe za ka gama jira?"

Baffa ya ɗago kai. Ni yake kallo, don kowa na cewa fuskar mahaifina na ɗauko.