Yadda na raba ɗiyata da Innarta

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da takwas, ina koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, a Cadawa. Ni Kirista ce, a gidan Kirista aka haife ni, a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, aiki ne ya kai mu can. Maigidana malamin gona ne a Agiye, yakan tafi ran Litinin da sassafe, sai Jumma'a da marece ya dawo. Yaranmu biyu ne a lokacin, mace mai shekara huɗu da namiji da bai daɗe da fara tafiya ba. Ina ganin kaina uwa ta gari. Ina cikin zumuntar mata a majami'a, ni ke ba da waƙa, kuma da wani ya ce mini akwai kishi a zuciyata da na yi masa dariya. Shekara da shekaru ina riƙe da labarin nan, yau na ga ya kamata in rubuto muku shi, ko wata za ta tsira daga abin da na faɗa ciki.

Gidan da muka kama haya asalinsa gida ɗaya ne da na maƙwabta, aka raba da katanga, aka bar wata 'yar ƙofa a tsakani. A ɗaya ɓangaren akwai wata mata Musulma mai kusan shekara hamsin, ita da mijinta manomi. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta haihu sau huɗu, babu wanda ya kai yaye. Wata rana ta gan ni na dawo daga lakol da tsakar rana, na goya ƙaramin, ina jan babbar tana kuka, gumi ya jiƙa mini riga. Ta tare ni a bakin ƙofa ta ce me zai sa in riƙa wahalar da yara cikin wannan rana alhali tana nan zaune, in bar mata su. Na yi mata maganar abin da zan riƙa ba ta, ta ɓata rai ta ce kada in sake. Tun daga ranar, kowace safiya sai in miƙa mata su ta 'yar ƙofar nan in wuce aiki hankalina kwance. Yaran suka fara kiranta Inna, ni kuma Mama.

Da farko godiya kawai nake yi. Yarana suka yi ƙiba, jikinsu na sheƙi. Ran Asabar takan yi wa ɗiyata kitso, ta ce gobe ranar majami'arku ce, kada a ga 'yar malama da kai a tsefe. Amma a hankali wani abu ya fara ci mini rai. Idan na dawo a gajiye na buɗe hannu, ɗiyata sai ta ce in jira, tana taya Inna murza ƙuli. Na dafa shinkafa da miya mai nama, ta ture ta ce tuwon Inna take so. Na zaunar da ita zan gyara mata kai, ta fashe da kuka wai hannuna da zafi. Ran nan ta yi tuntuɓe a tsakar gida ta fasa gwiwa, ina tsaye kusa da ita, amma ta tashi da jini a ƙafa ta bi ta 'yar ƙofa tana kiran Inna. Na tsaya da tsumma da ruwa a hannu, ina jin muryar matar nan tana lallashinta, ina jin kukan yana lafawa. Ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan ba. Ban gaya wa kowa ba, domin ni kaina na san abin kunya ne.

Abin da ya ƙarasa ni a majami'a ya faru. Malamar makarantar Lahadi ta fito da yara gaban jama'a, kowa ya faɗi wanda yake gode wa Allah dominsa. Wannan ya ce babansa, waccan ta ce mamarta. Da aka zo kan ɗiyata, sai ta ɗaga murya ta ce tana gode wa Allah domin Inna. Mata suka kwashe da dariya, babu mugunta a ciki, wata ta taɓa ni ta ce madan, an ƙwace miki ɗiya. Na yi dariya tare da su, amma ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ranar ba. Daga nan duk abin da Inna ta yi sai in ga laifi. In ta aiko da ƙuli in ce ya yi gishiri, in ta yi wa yaron wanka in sake yi masa. Ita kuwa ba ta lura ba, ko ta lura ta yi kamar ba ta gani ba.

Wata la'asar na dawo da wuri, na leƙa ta ƙofa, sai na ga Inna tana salla, ɗiyata kuma a bayanta ta yafa tawul a ka, tana sunkuyawa tana tashi. Ina so in faɗi gaskiya a nan. Na san wasa ne. Yarinyar nan tana kwaikwayon fasto da muciya a hannu, tana kwaikwayona da gawayi a jikin bango, har tafiyar agwagwa tana kwaikwayo. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Abin da na ji daɗi ne, domin na samu abin da zan riƙe. Da maigidana ya dawo ran Jumma'a na gaya masa, kuma ban tsaya a abin da na gani ba. Na ce matar nan tana koya wa ɗiyarmu salla da gangan, na kuma ce na kama ta tana ba yaran wani baƙin ruwa a ƙoƙo, ban san ko mene ne ba. Wannan na biyun babu shi, ni na ƙirƙiro shi a lokacin da nake magana. Maigidana mutum ne mai sanyi, amma mahaifinsa ya sha wuya a hannun dangi saboda bangaskiyarsa, shi ya sa maganar ta taɓa shi inda yake da ciwo. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce da idona na gani.

Washegari ya je ya samu mijin Inna a waje, suka yi magana a tsaye, ya dawo ya sa aka toshe 'yar ƙofar da tubali. Inna ba ta zo ta yi musu ba. Da marece ta miƙo ta saman katanga takalman ɗiyata da ɗan kwanon da take ci a ciki, an wanke shi fes. Na koma kai yaran gidan wata 'yar majami'armu a can ƙarshen gari. Ɗiyata ta yi sati biyu tana zama a gindin katanga tana kiran Inna, ba a amsawa. Na san matar tana ji, domin da zarar yarinyar ta fara kira sai ƙarar turmi ta tsaya. Na lallashe ta, na saya mata alawa, da na gaji na doke ta. Ta rage cin abinci, ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari.

Ban yi zaton maganar za ta wuce gidajenmu biyu ba. Amma matan unguwa sun ga an toshe ƙofa, suka tambaye ni a bakin famfo, ni kuma don in wanke kaina na maimaita zancen baƙin ruwa. Kafin wata ya cika, zancen ya canza kama. Aka ce ai dama 'ya'yan Inna huɗu ba haka kawai suka mutu ba. Aka ce ɗiyar malama ta rame ne domin an kama mata kurwa. Kalmar da ban taɓa furtawa ba, mayya, ita ce ta dawo kunnena daga bakin wasu. Uwaye suka hana yara zuwa sayen ƙuli a gidanta. Yara suka fara jifan ƙofarta suna gudu. Ina jin duk wannan, ina iya tsayar da shi da magana ɗaya, amma na yi shiru, domin in na buɗe baki sai an san ni maƙaryaciya ce. Bayan girbi mijinta ya ɗauke ta ya kai ta wurin ƙanenta a wani ƙauye bayan Gazawa, wai ta huta. Ba ta dawo ba.

Ɗiyata ce ta karya ni, ba tare da ta sani ba. Wata rana na zuba mata abinci ina sauri, na ce ta ci mu tafi. Sai ta rufe ido ta haɗa hannu ta yi addu'ar da na koya mata, ta ƙare da sunan Yesu. Na yaba mata na ce ashe ba ta mantawa. Ta ce ai Inna ba ta bari a taɓa tuwo sai an yi, kullum takan ce, "Ku yi addu'ar da Mamanku ta koya muku tukuna, ni ma zan yi tawa." Na tashi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ran Lahadin da ta biyo baya ana Jibin Ubangiji a majami'a, da aka miƙo mini gurasa na kasa ɗauka. Muna komawa gida na durƙusa gaban maigidana na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce na sa shi ya ci mutuncin dattijon da bai taɓa yi masa komai ba sai alheri, kuma na yi amfani da sunan Ubangiji na rufe abin da ke cikina. Ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da ni.

Shi ya fara zuwa wurin mijin Inna ya ba da haƙuri. Ni kuma matar fasto ta raka ni gida gida a unguwa, ina faɗa da bakina cewa ƙarya na yi, babu wani baƙin ruwa. Wasu suka yi salati suka yi mini faɗa, wasu suka daina gaishe ni. Amma akwai waɗanda suka ce ai tsoronta nake ji, ko kuma ta juya mini tunani. Nan na gane na saki abin da ba ni da ikon mayarwa.

Sai da bakansi, wato babban hutun makaranta, ta zo muka samu zuwa ƙauyen, kusan shekara ɗaya da toshe ƙofar. Muka shiga mota zuwa Gazawa, daga nan amalanke. Mun same ta a ƙarƙashin itacen bedi tana ɓarar gyaɗa, ta rame, furfura ta fito mata. Ta tashi ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo fura, ta tambayi aiki da mutanen gida kamar jiya muka rabu. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malama, ni na yafe tun ranar. Na san ciwon uwa, ko da nawa ba su zauna ba. Amma da kin gaya mini kawai, da na ja baya da kaina. Ban taɓa mantawa taki ce ba." Maigidana ya roƙe ta ta dawo, ya ce shi da kansa zai buɗe ƙofar. Ta girgiza kai ta ce ba za ta iya sake bin layin da yara suka jefe ta ba. Daga nan ta miƙa wa ɗiyata hannu tana murmushi, ta kira ta da sunan wasan da ita kaɗai ke kiranta da shi. Yarinyar ta dube ta, ta dube ni, ta maƙale a jikina ta ɓoye fuska cikin zanena. Ta manta ta. Inna ta mayar da hannunta a hankali ta ce ba komai, yaro ne. Abin da na yi ta nema ke nan, ɗiyata ta zaɓe ni a gabanta, kuma ban taɓa jin ɗaci irin na wannan lokacin ba.

Muna zuwa gaishe ta duk shekara har Allah ya yi mata rasuwa. Ɗiyata yanzu budurwa ce, na gaya mata labarin nan da bakina, ta yi kuka, ta ce ba ta tuna fuskar ba sai ƙanshin gyaɗa. Abin da na koya shi ne kishi ba ya zuwa da sunansa. Ni nawa ya zo mini da kamannin kula da tarbiyya da kare bangaskiya, har na kusa yarda da ƙaryata. Zuciyar yaro ba ta cika don ya so mutum biyu, ni ce tawa ta yi ƙunci. 'Yan'uwana uwaye, Kirista da Musulmi, idan Allah ya haɗa ku da wadda ke son 'ya'yanku tsakani da Allah, ku gode masa. In kuka ji wani abu na cin ranku, ku faɗe shi da sunansa tun yana ƙarami, ga ita kanta ko ga wadda kuka amince da ita. Kuma kafin ku faɗi magana a kan macen da ba ta da ɗan da zai tsaya mata, ku tuna cewa za a yarda da ku. Ni an yarda da ni, kuma wata baiwar Allah ta ƙare kwanakinta nesa da ɗakinta saboda haka.