Kawuna da labarin Alanawa

Jiya a kasuwar Dogon Dutsi wata mai nono ta gaida ɗiyata da Fulatanci, yarinyar ta waiwayo tana tambayata da ido. Nan take na tuna marigayi kawuna.

Malamin tarihi ne, da Faransanci yake koyarwa, amma bai taɓa sayen nono da wani harshe ba sai Fulatanci, na kakanninmu makiyaya. Wata rana da damina muna hanyar Matankari a kan babur ɗinsa, garke ya tare mana hanya. Ya kashe babur, muka tsaya cikin warin kashin shanu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kin san Alanawa?" in ji shi. Na ce a'a.

"Makiyaya ne masu dawaki, dangin mutanen Farisa. Yaƙi ya watsa su. Wasu sun bi Turai har suka ƙetara teku zuwa arewacin Afirka, suka narke cikin wasu. Wasu suka laɓe cikin duwatsu da harshensu, jikokinsu na magana da shi har yau. Ke, wane ɓangare za ki bi?"

Shanunmu sun daɗe da ƙarewa, kawu ma ya tafi. Harshen ne ya rage, kuma a bakina yake. Na riƙo hannun ɗiyata muka koma wurin matar, na faɗa mata amsar gaisuwar, ta maimaita har ta zauna mata. Gobe ita za ta fara gaisuwa.

Allah ya sanyaya makwancinka, kawu. Allah kada ya sa ni ce ta ƙarshe.