Tatsuniya Ba Ta Fita da Rana

Ni da na bar kwanan bukka tun ina budurwa, sai ga ɗana na fari ya zo daga Legas da iyalinsa, ya same ni a gida Malali, wai mu je gonarsa bayan Rigachikun mu kwana a tanti. Na ce, "Kai wannan, gidan ne ya rushe?" Ya ce yanzu haka ake hutu. Da ya ga ba ni da niyyar motsi sai ya ce, "Hajiya, yaran nan ba su taɓa jin tatsuniyarki ba. Can babu talabijin."

Nan ya kama ni. A unguwarmu an san bakina, in na fara ko mai jego sai ta leƙo. Kuma ina da wata, ta yarinyar da ta ba kada aron zaninta. Daga bakin kakata na karɓe ta, ban sake jin ta wurin kowa ba. In ban zuba ta a kunnen jikokin nan biyu ba, da ita za a binne ni. Macen ta fara makaranta, ƙaninta kuwa, wanda nake kira maigidana, ko takalmi bai iya sawa daidai ba.

Sai dai tatsuniya ba ta fita da rana. Haka aka raine ni, an ce mai yin ta da rana ɓata yake a hanya. Ban taɓa gwadawa ba.

Muna isa aka kafa tanti, ko zama ban yi ba aka ce a koma mota. Wai wurin shaƙatawa na bakin kogi, a ga kadoji. Yara suka yi lilo, suka yi tsere, suka sha kayan sanyi har haɓa. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma, na gasa gyaɗa, na gyara murya. Ina waiwayawa na ga maigidana ya yi barci da gyaɗa a hannu, yayarsa ta kife a kan cinyar uwarta. Sauro kaɗai ya zo saurare.

Washegari gidan tarihi, aka nuna mini tukwane irin waɗanda na yi girki da su, an sa su a gilashi. Daga nan Mando, wajen filin jirgi, mu tsaya gefen titi mu ɗaga kai ko jirgi zai tashi. A mota jikata, wadda na riga na yi wa alkawarin tatsuniyar kada, ta ja mayafina.

"Kaka, yi mana labarin kadan nan."

"Sai dare, ƙawata."

Surukata ta juyo. "Mama, ai yanzu ne suke a farke. Ki yi musu mana."

Ɗana ya ɗaga wayarsa. "Hajiya, ga taswira nan. Ba za mu ɓata ba."

"Taswirar ta yi musu tatsuniyar," na ce.

Na roƙe shi mu koma da wuri yara su ɗan kwanta da rana. Ya ce to. Cunkoson Kawo ya riƙe mu har magariba, a kafaɗa aka shigo da su tanti. Gyaɗar nan ni na cinye ta, da haƙoran da ba su kai ba.

Safiyar tafiya ban kula kowa ba. Na ɗaure kayana, na zauna a kan bokiti na juya musu baya. Can sai na ji jikata tana jan bargo. Ta yafa shi a kan tanti, ta ƙara da darduma, ta kwashe zannuwana da na riga na ninke ta toshe ƙofa. Ta zo ta kama hannuna.

"Kaka, zo ki gani. Dare ya yi."

Na leƙa. Duhu ne kam, ko tafina ba na gani. Ba irin daren kakata ba ne, zafi kamar tanda, ga zakara yana cara a waje. Na tsaya ina shawara da zuciyata. Jibi suna Legas.

Na durƙusa na shiga. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka zuba mini ido. Ba su ma san ana amsawa ba, sai da na koya musu.

Yarinyar cikin tatsuniya ta kai bakin ruwa ke nan, kada ya fito yana rawar sanyi, sai na ji ɗana yana zare turakun tanti.

"Hajiya, rana tana yi."

"A nan dare ne. Ka jira."

Ya riga ya zare biyu. Rufin ya sauko mana a ka, maigidana ya fashe da dariya. Na tokare rufin da gwiwar hannu na ci gaba, gumi yana shiga mini ido, har kada ya dawo da zanin.

A hanyar gida na ji jikata a baya tana maimaita wa ƙaninta, rana tsaka, rabi Hausa rabi Turanci, ta mayar da zanin riga. Na buɗe baki zan hana ta, sai na gyara mata kawai, na ce zani ne ba riga ba. Idona kuwa bai bar hanya ba har muka shiga Malali.