Cikin Yaya Daidai Kunnen Mutane

Yayana mai aski ne. Shekara ashirin da shida yana tsaye a bayan kujera ɗaya, ta bakin ƙofar shagonmu. Tawa ce ta ciki, kusa da famfo. Falwaya ake ce masa a layinmu saboda tsayi, har matarsa idan ya ba ta haushi haka take kiransa. Ba shi da yawan magana, abin da ba a san masu aski da shi ba. Ni na ɗauke masa wannan nauyin, ina yin surutun mutum biyu.

Bara aka yi masa tiyata. Likita ya yanke wani sashe na hanjinsa da ya lalace, ya fito da bakin sauran ta gefen cibiya, ɓangaren hagu, aka manna jaka a wurin. Duk abin da ya ci nan yake sauka. Wurin ba shi da marfi, ba ya kuma neman izini. Iska ce ko bahaya, lokacin da ya ga dama yake fitowa. Ranar sallama ina tsaye nas take yi masa bayani: ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, ya tauna sosai, ya sha ruwa, kada ya bar cikinsa wayam, domin hanjin da babu komai ya fi ƙugi. Yaya ya gyaɗa kai. Na san irin wannan gyaɗa kan tun muna yara. Ta bayan kunnensa maganar ta bi.

Wata biyu ya yi a gida, ya dawo shago. Wanda bai taɓa riƙe injin aski ba ba zai gane damuwarsa ba. Idan mutum ya zauna a kujera, kunnensa daidai cikin mai aski yake. Ga mai tsayin Yaya kuwa, kamar da awo aka yi. Sai ya yi wa kansa doka: rabin kofin shayi da safe, shi ke nan sai an rufe shago.

Mu kuma tun zamanin mahaifinmu, ƙarfe ɗaya na yi muke tura ƙofa rabi, mu zauna a bencin jira, mu ci abinci a kwano ɗaya. Matar Yaya ce ke aiko da kula. Da ya dawo ma ba ta fasa ba, sai dai ta daina sa wake da albasa, tana dafa shinkafar ta yi laushi kamar ta masu yaye. Yaya zai wanke hannu, ya zauna, ya yi bismillah, ya yi ta juya cokali yana turo nama gefena.

"Yaya, ka sa wani abu a cikinka mana."

"Na ci."

"Yaushe? Ina kallonka fa."

"To ci gaba da kallo. Kar dai kular nan ta koma da saura."

Haka na zama mai cin rabon mutum biyu. Kula tana komawa gida fes, matarsa tana murna maigida ya samu lafiya. Ni na yi tumbi, shi yana ƙara rami a bel ɗin wandonsa. Wata rana ta dube mu ta ce, "Ikon Allah, ni ina ciyar da wa, ƙane ne ke ƙiba." Aka yi dariya, har da ni. Na ji kunya.

Abin da nas ta faɗa kuwa ya tabbata. Wajen la'asar cikin nan sai ya fara, ƙuuu, kamar ana jan tebur. Yaya ya ƙirƙiro dabaru. Ya daina zagaya wanda yake yi wa aski kamar yadda kowa ke yi. Kujerar yake juyawa, don kullum gefensa na dama ne ke kusa da mutum. Idan ya ji abin na tafe, sai ya kunna inji ya riƙe a hannun hagu yana ta ruri a banza, ko da gemu yake gyarawa da reza. Mutane suka ɗauka sabon salo ne. Yana aiki, yana karɓar kuɗi, yana cewa a gaida gida, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ban ga ya yi fushi ba, ban ga ya yi baƙin ciki ba. Da ya yi ma da na fi jin daɗi.

Yunwa kuwa ba kanwar lasa ba ce. Ta madubi na fara ganin hannunsa yana rawa.

Akwai wani tsohon hedimasta da ke zuwa duk Alhamis da la'asar. Shi ne mutum na farko da ya yarda ya ba Yaya kansa lokacin yana koyo, kuma tun daga ranar bai bari wani ya taɓa masa gemu ba. Ko layi ya kai waje zai jira. Da Yaya yana asibiti, haka ya bar gemun ya yi buzu-buzu. Duk wanda zai tafi ya tafi, in dai Hedimasta na zama a kujerar bakin ƙofa, Yaya mai aski ne.

Wata Alhamis, reza na kan maƙogwaron tsohon, aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, rediyo ya mutu, injin da ke hannun hagun Yaya ya yi tsit. A cikin shirun nan cikin ya yi ƙara mai tsawo. Ni ma daga bakin famfo na ji. Sai ga jini siriri yana bin kumfa zuwa wuyan riga. Yaya ya danna auduga ya ce, "A yi haƙuri, Malam." Hedimasta ya ce babu komai, ya biya, ya tafi.

Sati ya zagayo. Tsohon ya shigo, ya gaisa da Yaya hannu biyu, ya wuce shi, ya zauna a kujerata. Yaya ya ninke mayafin askin da ya riga ya warware, ya koma benci ya zauna.

Raina ya ɓaci. Ina ɗaura masa mayafi na sunkuya na ce a hankali, "Haba Malam, ai larura ce. Don ɗan ƙaran da kuka ji rannan?"

"Me ka ce?"

Na maimaita a ɗaya kunnen.

"Wane ƙara?" Da ƙarfi ya faɗa, yadda masu nauyin ji suke yi. "Ni rabon da in ji wani abu da kunnen nan shekara biyar. Hannunsa ne, ɗana. Wata uku ke nan ina jin reza tana rawa a wuyana, ina ta addu'a a zuci. Ku kai shi a duba shi. Ko dai ba ya cin abinci ne?"

Na shafa kumfa na fara aiki. Ta madubi nake ganin Yaya. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya miƙa ƙafa ya jawo kular daga ƙarƙashin benci. Ranar ni ma ban iya cinye rabonsa ba. Ya buɗe, ya ɗebi cokali ɗaya na shinkafar da ta huce tun azahar, ya yi ta taunawa. Ya ƙara wani. Babu kowa a kujerarsa, babu kowa a layi.

Da tsohon ya fita sai na ce, "Gishirin ya ji, Yaya?"

Ya haɗiye tukuna.

"Ban sani ba," ya ce, ya sake ɗebo wani cokalin.